Gyaran tsohuwar unguwa: wa zai zauna, wa zai tashi?

Kowace shekara, in an gama aikin kaka an ruhe rumbu, samari da magidanta da yawa suna barin ƙauye su tahi birni cin rani. Waɗansu Maraɗi, waɗansu Damagaram ko Tawa ko Yamai, waɗansu har Wagadugu da Abijan da Dakar. Ɗan cin rani ba ya sauka unguwar manyan ma'aikata. Tsohuwar unguwa yake nema, inda haya ke da sauƙi, inda yake da ɗan uwa ko ɗan garinsu.

Kowa ya san halin irin waɗanga unguwanni. Gidajen ƙasa sun tsufa, katanga ta tsage. Lungu ya matse, mota ba ta shiga, amalanke ma da ƙyar. Babu kanibo, wato hanyar da aka gina don ruwa ya bi. Ruwan wanka da ruwan sama suna kwanciya ƙofar gida, sauro ya samu wurin haihuwa. Gida guda mutum 20 ko 30, salanga guda. In gobara ta tashi, motar masu kashe wuta ba ta da hanyar shiga.

Ba wanda ke musun a gyara irin wagga unguwa. Amma gyara iri biyu ne. Akwai wanda ake yi mutane na zaune cikin gidajensu. Akwai wanda sai an tashe su tukuna. Doka da shirin da gwamnati ta zaɓa su ke raba waɗanga biyu.

Tambaya uku

Duk inda za a gyara unguwa, akwai tambaya uku da doka ke amsawa tun kahin a ɗauki magirbi.

Ta fari: ƙasar da gidajen ke bisa, ta wa ce? Wace takarda mazauna ke riƙe da ita?

Ta biyu: in an rushe gida, wa za a biya diyya, kuma yaushe?

Ta uku: bayan gyara, wane irin gini aka yarda a yi a wurin?

Wanda ya san amsar waɗanga tambayoyi, ya san wanda zai zauna da wanda zai tashi. Labarin unguwa biyu ya isa misali. Ɗaya tana Wagadugu, babban birnin Burkina Faso. Ɗaya tana Dakar, babban birnin Senegal.

Zangwetin, zangon Hausawa na Wagadugu

Tun zamanin da, fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro suna ratsa ƙasar Mosi da jakunansu. Inda ayari ya yada zango, nan waɗansu ke zama, su yi aure, su haihu. Hakanan aka samu unguwar Hausawa cikin Wagadugu. Ana ce mata Zangwetin, sunan kuwa daga kalmar zango ya hito. Unguwa ce ta malamai da ƴan kasuwa da mahauta da dillalai. A da tana tsakiyar gari, tsakanin babbar kasuwa da hilin jirgin sama. Gidajenta yawanci na ƙasa ne, mutane sun yi yawa, ruwa na kwanciya da damana.

Cikin shekara ta 1984, zamanin mulkin Toma Sankara, aka yi doka wadda ta ce ƙasar Burkina duka ta gwamnati ce. An sake gyara dokar a 1991 da 1996, har aka buɗe hanyar mutum ya mallaki hili. Duk da haka, yawancin masu gidaje cikin tsohin unguwanni takardar izinin zama suke da ita. Gida nasu ne, ƙasa ta gwamnati. In gwamnati ta ce tana bukatar wurin don amfanin jama'a, doka ta ba ta iko ta karɓa.

Ƙarshen shekara ta 2000, zamanin shugaba Bilez Kampawore, gwamnati ta yanke shawara ta mai da tsakiyar birnin wurin kasuwanci da manyan ma'aikatu. Sunan shirin ZACA. Wurin da aka shata ya kai ekta 85. Ekta guda hili ne mai metir 100 tsawo, metir 100 faɗi. Zangwetin na ciki, tare da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita. Mutanen da abin ya shafa sun kai dubu 12 da 500.

Da aka ba da sanarwa a 2001, jama'a suka ƙi. Suka yi taruka, suka kafa ƙungiya, suka kai kuka ga hukuma. An daɗe ana ja-in-ja. Daga baya aka auna hilaye da gine-gine, aka biya masu gidaje diyya, aka keɓe musu hilaye wuri biyu a bayan gari, wajen kilomita 10 daga tsakiyar birni. Ƙarshen 2003 katafila ta shiga. Cikin ƴan watanni unguwar ta zama hili.

An biya diyya, gaskiya ne. Amma lissahin diyya bisa hili da gini aka yi shi, saboda haka hannun mai takarda ta shiga. Ɗan haya ba shi da hili, ba shi da gini. Shi dai ya ɗauki tabarmarsa ya nemi wani ɗaki. Gidan gado kuma, wanda magada 10 ko 15 ke zaune ciki da iyalinsu, takardarsa guda ce. Kuɗɗin gida guda in an raba shi kashi 15, ba wanda zai samu abin gina ɗaki biyu.

Akwai kuma hasarar da ma'auni ba ya aunawa. Mai tuyar ƙosai ƙofar gida, masu sayenta maƙwabta ne da masu wucewa kasuwa. Ɗan dako da mai gyaran keke da mai wankin hula, abincinsu na bakin kasuwa. In an kai su kilomita 10, kullum sai sun biya kuɗɗin mota ko sun sha tahiya kahin su samu na tuwo. Maƙwabtan da suka shekara 50 suna salla masallaci guda, suna suna da biki da jana'iza tare, suka warwatsu.

Saura tambaya ta uku. Ƙa'idar da aka kafa ta ce duk wanda ya sayi hili cikin ZACA sai ya gina bene mai hawa da yawa, bisa tsarin da hukuma ta zana. Hilin kansa yana da tsada ƙwarai. Tsohon mazauni mai gidan ƙasa ba shi da wanga ƙarhi, ko da an ce ya komo ya saya. Ƙa'idar gini ita kaɗai ta isa ta ruhe masa ƙofa.

Gwamnati ta shimfiɗa hanyoyi masu faɗi, ta gina magudanar ruwa. An gina waɗansu benaye da otal-otal. Amma nauyin ƙa'idar ya danne har masu kuɗɗi. Shekara 10 bayan rushewa, hilaye da yawa suna nan babu gini, ciyawa ta ruhe su. Hukuma ta sha yin gargaɗi za ta karɓe hilin wanda bai gina ba.

Dalifor, unguwar katako ta Dakar

A Senegal ma, dokar 1964 ta sa yawancin ƙasa cikin hannun gwamnati. Can ma an daɗe ana tashin talakawa. Garin Pikin, wanda ke gehen Dakar, a 1952 aka kafa shi don a zuba mutanen da aka tasa daga tsakiyar birni. Bayan samun mulkin kai aka ci gaba da hakanan. Amma in an rushe bukkoki nan, sai su tsiro can. Wanda aka kora bai koma ƙauye ba, wani kango ya nema.

Dalifor unguwa ce tsakanin Dakar da Pikin. Kahin a gyara ta, mutanenta sun kai wajen dubu 7. Sun zauna wurin ba su da takarda ko guda. Ɗakunansu na katako ne da kwano. Har mai ɗan hali ba ya gina siminti, don kullum ana jiran ranar da katafila za ta zo. Wa zai zuba dukiyarsa inda za a rushe gobe? Rashin takarda shi ya hana unguwar gyaruwa. Gobara kuwa ta sha cinye ɗakuna.

Wajen 1987, zamanin shugaba Abdu Juf, gwamnati ta ce a gwada wata hanya, da taimakon ƙasar Jamus. Ga yadda aka yi.

Da fari aka ƙidaya gidaje, aka rubuta sunan mai kowane gida. Masu gidaje suka kafa ƙungiya, suka zaɓi wakilansu. Ma'aikatan awo suka zana taswirar unguwa, aka shimfiɗa ta gaban jama'a. Tare aka zaɓi inda hanya za ta bi, da inda za a yi lakkwal, da gidan likita, da kasuwa, da pampo. Wanda hanya ta ci ɗakinsa, aka ba shi wani wuri nan kusa. Ba a rushe ba sai abin da ya zama tilas.

Sannan kowane mai gida ya biya kuɗɗin hilinsa, kaɗan-kaɗan, ta hannun ƙungiya. Wanda ya gama biya, ana ba shi takarda ta shekara 50, wadda ake iya sabuntawa. Ƙasa tana nan ta gwamnati, amma ba mai tashinsa haka kawai, kuma ƴaƴansa za su gada. Ba a ce sai ya gina bene ba. Kowa ya gina daidai ƙarhinsa.

Da mutane suka tabbata ba za a kore su ba, sai suka fara sayen bulo da kansu. Bana ɗaki guda, baɗi ɗaki guda. Sannu a hankali katako ya ba siminti wuri. Gwamnati ba ta gina wa kowa gida ba. Hanya da ruwa da takarda ta kawo, sauran aikin masu unguwa suka yi shi.

Da aka ga abin ya yi kyau, a 1991 gwamnati ta sa hannu ga dokar da ta ce a bi wagga hanya cikin sauran unguwannin ƙasar da aka zauna ba da tsari ba. Aka buɗe asusu, inda kuɗɗin da mutane suka biya ke shiga don a gyara wata unguwa da shi. A 1996 Dalifor ta samu meri tata ta kanta.

Wagga hanya ma tana da nata cikas. Biyan kuɗɗi ya yi ta jan ƙafa, mutane da yawa sun daɗe ba su karɓi takardarsu ba. Takardar kanta sai ta bi biro-biro kahin ta hito. Unguwar cikin kwari take, ruwa ya ci ta a 2005 da 2009, sai daga 2012 aka shiga gina manyan magudanai da kuɗɗin Bankin Duniya. Da wurin ya yi daraja, haya ta hau, waɗansu masu gidaje suka sayar suka tashi. Nan ma ɗan haya shi ne na baya ga rabo. Amma unguwar tana nan inda take, da sunanta.

Abin lura shi ne, ƙasashen biyu duka doka ta ba gwamnati iko bisa ƙasa. Wagadugu an yi aiki da ikon an kwashe mutane an sayar da wurin. Dakar an yi aiki da shi an ba mutane takarda. Hausawa na cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Yaya abin yake a Nijar?

Tashin unguwa ba baƙon abu ba ne a Nijar. Tsohon garin Maraɗi cikin fadama yake, bakin gulbi. A 1945 ruwa ya ci shi. Hukumar Turawa ta sa aka hau tudu, aka shata hanyoyi miƙaƙƙu, aka raba hilaye. Shi ya sa har yau tsakiyar Maraɗi take a tsare kamar gidan dara.

Shekarun baya kuma an yi shirin gyaran manyan garuruwa albarkacin sallar 18 ga Disamba: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. An zuba godoro, an sa hitilu, an yi gine-gine. A Yamai, cikin 2016, hukuma ta rushe rumfuna da shaguna masu yawa da aka kafa bakin hanya. Wanda ya kafa rumfa bisa hilin gwamnati, ran da aka zo faɗaɗa hanya ba shi da abin nunawa.

Akwai kuma dokar da ke tsare tsohuwar unguwa don tarihi. A 2013 hukumar Unesko ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya. Irin wanga wuri ba a rushe shi, ba a sake masa kama. Mai gida in zai gyara, da ƙasa zai gyara kamar yadda kakanni suka yi. Wagga ƙa'ida tana tsare unguwa, amma tana ɗora wa mai gida nauyi, don ginin ƙasa yana son yaɓe kahin kowace damana. Unguwar Birni ta Damagaram ta ga abin da ruwa ke yi wa tsohon gini. Cikin watan Satumba na 2024, bayan ruwa mai yawa, tsohon masallacinta wanda ya haura shekara 150 ya rushe. In doka ta ce a bar gini yadda yake, ya kamata a haɗa da taimakon gyara.

Game da karɓe gida ko gona, akwai doka mai lamba 61-37 ta ran 24 ga Nuwamba 1961. An gyara ta da doka mai lamba 2008-37 ta ran 10 ga Yuli 2008. Ga abin da ta ƙunsa a taƙaice.

Ba a karɓe wa mutum gida ko gona sai don amfanin jama'a, kamar hanya ko lakkwal ko gidan likita.

Sai an ba da sanarwa, an yi bincike, an buɗe rajista inda kowa zai faɗi abin da yake da shi a wurin.

Sai an biya diyya ta adalci kahin a karɓa.

In ba a daidaita bisa yawan diyya ba, alƙali ke yankewa.

Gyaran 2008 ya ƙara da cewa, in aikin zai tashi mutane, sai an yi shawara da su, an shirya inda za su koma, an duba sana'ar da za su rasa.

Doka ce mai kyau. Amma ranar bincike, ma'aikaci takarda yake tambaya. Wanda ya ce gidan kakana ne, kowa ya sani, sai an nemi shaidu an sha wahala. Wanda ya hito da takarda, an rubuta sunansa an wuce.

Takardun da ya kamata a sani

Gona ko hilin gado na ƙauye: dokar karkara ta ran 2 ga Maris 1993 ta yarda da mallakar gargajiya. Ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda ake ce wa COFO, tun daga ƙauye har sama. Nan ake samun takardar shaidar gado, ko ta saye, ko ta kyauta, ko ta aro, ko ta jingina. Wanga ya shahi manomin da gonarsa ke bakin gari ƙwarai, don birni kullum matsowa yake. Gonar gero ta bana, bayan shekara 10 ana iya yanka ta parsel-parsel.

Parsel na cikin gari: in an yi lotisma, wato an yanka hilaye an sa duwatsun iyaka, meri ke ba da takardar sayarwa. Wanda ya sayi parsel hannun wani, ya je meri a duba ko sunan mai sayarwa ne cikin littahi, kuma a mai da takardar da sunansa.

Babbar takarda ita ce ta mallaka, wadda ma'aikatar kula da hilaye ta gwamnati ke bayarwa. Da can samunta na da wuya da tsada. A 2006 aka hito da mai sauƙi, aka sa mata suna Sheda. Ita ce ta hi ƙarhi gaban alƙali, kuma banki na karɓarta jingina.

Abin da mai gida da ɗan haya za su yi

Magadan da ke da gida cikin tsohuwar unguwa su zauna tun ana shiri, su rubuta sunan kowane magaji, mata da maza, da na ƙauye da na birni. Rabon da ba a yi ba cikin kwanciyar hankali, ranar diyya da faɗa ake yin sa.

Takarda a ɓoye ta inda gara da ruwa da wuta ba su kai. A yi mata hoto a aje wani gida.

In an ji sanarwar ƙidaya ko bincike, kada mutum ya ce yana gona, ya aiki yaro. Wanda ba a rubuta ba ran ƙidaya, da wuya a sa shi daga baya. Ɗan haya da mai rumfa da mai tebur su ma su je a rubuta su, su faɗi sana'arsu.

Kada mutum ya sa hannu ko ya dangwala yatsa bisa takardar da bai karanta ba, ko wani amintacce bai karanta masa ba.

Kada a sayi hili cikin kwari ko bisa hanyar ruwa don araha. Kada a yi gini bisa hanya ko hilin da aka keɓe don lakkwal ko kasuwa ko burtali.

Mutanen unguwa su kafa ƙungiya tun ba a zo ba, tare da mai unguwa da limamai da mata da samari. Su tambayi hukuma tambaya ukun nan: wace takarda aka yarda da ita, wa za a biya kuma yaushe, wane gini za a yarda da shi bayan gyara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiya ce ta sa mutanen Dalifor suka zauna gaban taswira tare da ma'aikata.

Hukuma kuma, in ta tashi gyara, ta tuna tsakiyar birni na bukatar ɗan dako da ɗan ga-ruwa da mai abinci kamar yadda take bukatar banki. Hanya da kanibo da pampo da takarda ba su kai tsadar rushe unguwa duka a sake ginawa ba, kuma mai gidan da ya tabbata ba za a tashe shi ba, da kansa yake gyara gidansa.

In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba da zama lahiya, birni da ƙauye.